Hanyar Kwadon Ta Yi wa Titus Nisa

Lokacin da na auri Titus, Maiduguri yake zuwa ya dawo a rana ɗaya, ya kuma shigo gida da sauran ƙarfin cika ni da surutu. Daga baya ya koma Biu. Daga Biu ya ja baya zuwa Dadin Kowa. A shekarar da nake ba ku labari iyakarsa Kwadon, wadda in ka tashi daga Gombe kafin ka gama ɓare gyaɗar da ka saya a tasha ka isa. 'Yan'uwansa direbobi sun ɗauka tsoron 'yan bindiga ne ke jan sa baya, shi kuma ya bar su a haka, don a shekarun nan tsoro ba abin kunya ba ne, kowa da nasa. Ni da nake wanke masa wanduna na san ba bindiga ba ce. Cikinsa ne.

Mu biyun muna ɗauke da ciwon nan mai karya garkuwar jiki. Ni aka fara ganowa, a wajen awon cikin ɗanmu Desmond, na kama shan magani ba gardama. Titus kuwa ya ce lafiyarsa ƙalau, mutumin da ke tuƙi har Maiduguri ba zai bi layin asibiti da mata masu goyo ba. Shekaru ya yi yana wannan taurin kai, sai da ya kwanta aka ɗauke shi ranga-ranga sannan ya yarda. Magani ya karɓe shi, ya miƙe, ya koma kan sitiyari. Amma gudawa ta ƙi barinsa. Ba kullum ba, kuma ba ta sallama in za ta zo. Sai ya yi kwanaki lafiya har mu fara murna, sai wata safiya in ji ya banko ƙofa da gudu. Ƙwaya iri ɗaya muke haɗiya, ni ina ta cika zani, shi yana ƙara wa bel ɗinsa huda. Maƙwabtanmu a Barunde har tsokanata suke yi wai ina cinye rabon mijina, ni kuma in yi dariya, don me zan ce musu?

An gwada bayan-gidansa har na gaji da kai ƙaramar robar nan. Ba tsutsa, ba wata ƙwaya da za a ce ga ta a kashe. Jini kuwa kullum sai yabo. Wata rana da ma'aikaciyar jinyar da ke duba mu, Sista Edna, ta sake ce masa jininsa ya yi kyau, sai ya buga hannu a gwiwa.

"Sista, ni ba da jini nake tuƙi ba. In jinin ya yi kyau, me ke kora ni daji? Maganin nan naku ne, ba wani abu ba."

Ta ajiye biro ta jawo kujerarta kusa da shi. Mace ce da ta ga iri-irinmu, ba ta da saurin fushi.

"Baban Desmond, bari in gaya maka yadda abin yake. Sojojin jiki da muke ƙirgawa a jini, kaɗan ne daga cikinsu ke yawo a jinin. Mafi yawansu a bangon hanji suke zaune, don ta nan duk abin da ka ci ka sha yake bi, mai kyau da marar kyau. To ƙwayar cutar nan in ta shiga jiki, can take fara sauka. A makonnin farko, tun mutum bai san yana da komai ba, wataƙila ɗan zazzaɓi ya yi ya wuce, ta riga ta kashe mafi yawansu. Bangon ya yi rauni, yana yoyo, kullum a kumbure. Magani yana danne cutar, ƙirgen jini ya hau, amma hanji ba ya saurin farfaɗowa. Wani nasa ya dawo sosai, wani rabi-rabi, musamman wanda ya daɗe bai fara magani ba."

Ban kalle shi ba da ta faɗi na ƙarshen, don na san zai ɗauka gori nake yi masa da ido. Sai ya ce, "Wato kamar garuruwan nan da ake cewa an ƙwato. A rediyo an ƙwato, amma in ka je ba kowa sai kango."

"Kusan haka," in ji ta.

"To yaushe mutanen za su dawo?"

"Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Kada dai ka bar magani. Ka riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, in ta tsananta ka sha ruwan gishiri da sukari."

Ta ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsayar da ciki. Wata rana su yi aiki, wata rana kamar tsakuwa ya haɗiya.

Motar da yake tuƙawa ba tamu ba ce. Tsohuwar Golf ce ta Oga Emenike, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya tura matarsa da yaransa gida kudu tun bam na farko, shi ya zauna gadin shago. Makullin motar nan shi ne abin da ya rage wa Titus. Da shi yake shiga tasha a gaishe shi, da shi yake zama a taron maza a coci ya ɗaga murya. Kuma Allah ya sani ya iya riƙon sirrinsa. Ya sayi buta ya ajiye ƙarƙashin kujera, har abokansa Musulmi na cewa Titus saura shahada. Tsakanin Gombe da Kwadon yana da wurarensa: wani kwalbati, wata kuka mai duhuwa a bayanta, da gidan wani tsohon manomi da ba ya tambaya. In abin ya taso sai ya faka, ya buɗe gaban mota, ya ce wa fasinja injin ya yi zafi, ya ɗauki buta kamar zai nemo ruwa. Ni 'yar kayan miya ce, ina saro tumatur da attaruhu a Kwadon in sayar a kasuwar Arawa, don haka ranar kasuwa a motarsa nake, kusa da shi. Na sha jin mata suna zagin motar Emenike wai ta cika shan ruwa.

Sai ranar Asabar ɗin nan da 'yan bindigar suka shigo gari ta wannan hanya tamu, muka wuni a ƙarƙashin gado muna jin jirgi a sama. Bayan an kore su, shingen sojoji na bakin gari ya zama wani abu dabam. Aka sare duk wani itace da duhuwa a gefen titi, aka banka wa ciyawa wuta, fili fetal har inda ido ya kai. Aka ce ba mai tsayawa a hanya. In ka shiga layi, ba buɗe ƙofa, ba taɓa waya, ba sauka, sai ka iso wajen durom ɗin da suka tare hanya da shi an kira motarka. A nan fasinja za su fita su wuce a ƙasa hannu a sama, direba ya fito ya buɗe but, wajen kaya na bayan mota. Wanda ya sauka kafin nan, balle ya yi gudu, to ya yi wa kansa. Ban ga laifinsu ba, su ma yara ne, an sha tashinsu da bam a irin wannan layi. Amma tafiyar cin gyaɗa ta koma ta rabin wuni.

Sai Titus ya fito da tasa dabarar: ya daina cin abinci. Daga tashinsa har ya ajiye mota da yamma ba ya sa komai a baki, ruwa ma sai dai ya kuskure baki ya zubar. Cikin da ba komai, in ji shi, ba abin da zai fitar. Ga zafin bazara ya shigo. Ya riƙa dawowa leɓe a tsage, ido ya faɗa, in ya sunkuya cire takalmi sai ya dafa bango. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kai ƙararsa wurin Sista Edna, ta yi masa nata. Duk a banza.

"Ka mayar wa Emenike makullinsa," na ce masa wata Lahadi bayan mun dawo coci. "Ka zo mu zauna a rumfata. Ko awo ka riƙa yi mini."

"In zauna ina kasa tumatur? Maman Desmond, ki ce in mutu kawai, ya fi sauƙin faɗa."

"Mutuwar ai kana kan hanyarta. Ko yunwa ta kashe ka, ko ka faɗa da mu rami, ko soja ya harbe ka da buta a hannu. Zaɓi ɗaya ka gaya mini in shirya."

Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Na gaji da wanki, na gaji da kallon ƙeyarsa a mota ina lissafin ko abin ya taso, na gaji da ƙaunar mutumin da ya fi son makulli a kan ransa. Amma ranar kasuwa ta zagayo, na ɗaura zanina a kan siket, na shiga kujerar gaba kamar kullum.

A Kwadon ranar, yana ɗaga kwando zai sa a but sai na ga ƙafarsa ta lanƙwashe. Ya dafa mota ya tsaya, ido a rufe. Mama Jummy ta gani. Ita ce babbarmu a cikin masu saro kaya, ta haifi kamar Titus, kuma ba a yi mata musu. Ta zaro gorar kunun zaƙi daga jakarta ta miƙa masa.

"Sha, ɗana. Ba za ka tuƙa ni da wannan idon ba."

"Na ƙoshi, Mama."

"Ka ƙoshi da me, da iska? Ko ƙyamar gorata kake yi?"

To fa. Ya kalle ni, na kau da kai. Da ya sume a kan sitiyari da mata cike da mota, gara ya sha. Ya kafa kai ya shanye rabi, ta tsare shi sai da ya ƙarasa. Muka gama lodi muka kama hanya, ni a gaba, Mama Jummy da wasu mata uku a baya, kwanduna har kan cinyoyinsu.

Layin ranar ya yi tsawon da ban taɓa gani ba, wai an kama wata mota da safe. Rana a tsakiyar ka, ba iska ko kaɗan. Mu matsa kaɗan, mu tsaya, ya kashe mota, ya tayar. Matan baya suna hirar tsadar albasa. Ni kuwa shi nake kallo, don na san alamun kamar yadda na san kukan ɗana. Da farko ya daina sa baki a hira. Sai gumi ya tsattsafo masa a wuya. Sai ya gyara zama, ya sake gyarawa, ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Na ji kukan cikin da kunnena.

Muna iya hango durom ɗin, amma motocin gabanmu da saura. Can gefen dama, a tsakiyar filin da aka ƙone, akwai wani ɗan kwari da ruwa ya ci. Na ga idonsa a kai. Hannunsa ya sauka ƙarƙashin kujera ya lalubo buta, ɗayan ya kama marfin ƙofa.

"Baban Desmond," na ce a hankali, "kada ka soma."

"Da sauri zan yi."

Ƙofar ta yi ƙara. Ko ƙafa bai sauke ba wani soja ya juyo daga bayan buhunan yashi, bindiga a ɗage.

"Kai direba! Rufe ƙofa! Koma ciki!"

Ɗaya daga matan baya ta fara kiran sunan Yesu. Na cakumi rigarsa da hannu biyu. Ina jin jikinsa yana ja, har yanzu yana auna tazarar kwarin, yana ganin ko zai kai kafin harsashi. Mutumin nan da gaske ya fi son a harbe shi. Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, duka a lokaci ɗaya.

"Rufe," na ce masa a kunne. "Yi a nan. Ni ce zan wanke, ba yau na fara ba."

Ya ja ƙofar ta rufu. Hawaye na bin fuskarsa, bai ma san suna zuba ba.

"Kujerar mutane," ya ce. "Lois, kujerar mutane."

Na fizgo ledar da nake rufe tumatur da ita da wani buhu da ke ƙarƙashin ƙafata, ya ɗaga kaɗan, na tura masa. Sai ya kifa goshi a kan sitiyari ya saki.

Ba abin da za a ɓoye a cikin mota mai zafi. Wata ta ja gyale ta rufe hanci, sannan ta ji kunya ta sauke. Can sai Mama Jummy ta yi gyaran murya.

"Tumatur ɗin bana ba ya jure rana," ta ce da ƙarfi. "Tun ba a kai kasuwa ba ya fara ruɓewa. Gobe sai na yi wa mai gonar nan tas."

"Wallahi kuwa, Mama," in ji sauran, har suna haɗa baki.

Alheri suka yi masa, na sani. Amma na ga yadda kafaɗunsa suka ƙara faɗuwa. Da zaginsa suka yi da wataƙila ya sami abin ramawa.

Motar gabanmu ta matsa, na baya ya danna mana ham. Titus ya ɗago, ya share fuska da hannun riga, ya tayar da mota. Haka muka yi ta jan jiki har durom. Aka ce fasinja su fita. Kafin in sauka na kwance zanin da ke kan siket ɗina na ajiye masa a cinya. Mama Jummy ta nufi bayan mota tana cewa ƙafar direba ce ke ciwo, ita za ta buɗe but.

"Mama, wuce gaba," in ji sojan. "Direba ne zai buɗe."

Muka wuce, hannu a sama. An ce ba a waiwaye, amma na waiwaya. Na ga mijina ya fito daga mota ɗaure da zanina mai zanen kaji, daga ƙugu har ƙwauri, takalmin direba a ƙasa. Ya taka a hankali, ƙafa a haɗe, hannu ɗaya a sama ɗaya riƙe da bakin zanin. Direbobin da ke layi, waɗanda suke tasha ɗaya da shi, duk suna kallo ta gilashi. Sojan, yaro ne da bai fi ƙanena ba, ya buɗe baki zai yi dariya. Da Titus ya iso kusa da shi sai dariyar ta tsaya. Ya leƙa but ɗin sama-sama, bai taɓa ko kwando ɗaya ba, ya juya fuska gefe.

"Wuce, Baba. Allah ya sawwaƙe."

Ba a taɓa ce wa Titus Baba a hanya ba sai ranar.

A Arawa matan suka sauke kayansu da kansu, abin da ba su taɓa yi ba, kowace na yi masa sannu ba tare da ta kalle shi ba. Na bar kwandunana wurin maƙwabciyar rumfata na koma mota. Na ɗauka gida za mu. Sai na ga ya karya kan mota ya nufi layin masu kayan gyara. Ya faka a gefen shagon Emenike, ya kashe, ya zauna yana kallon gabansa. Sannan ya fito da butarsa da katin asibitinsa daga aljihun mota, ya naɗe ledar da buhun da kyau, ya shafa kujerar da tafin hannu ya tabbatar a bushe take. Ya zare makulli ya miƙo mini.

"Kai masa. Ni ba zan iya shiga haka ba."

Abin da na daɗe ina roƙo ke nan, ga shi a tafin hannuna, amma ko ɗigon daɗi ban ji ba.

"Ka bari sai gobe. Ka yi wanka, ka huta, ka yi tunani."

"Gobe ma akwai layi," ya ce.

Oga Emenike yana zaune a kan benci yana cin shinkafa a roba. Da ya ga makullin ya ajiye cokali.

"Madam, lafiya? Mota ya lalace?"

"Mota lafiya lau, Oga. Mai tuƙin ne ya gaji."

Ya leƙa waje ya hango Titus tsaye a bayan motar da zani. Ya daɗe yana kallo, bai tambaye ni komai ba. Ya karɓi makullin ya rataye a ƙusa.

"Ki ce masa yana nan. Duk ranar da ya samu sauƙi, ya zo ya ɗauka."

Na yi godiya. Ni da shi duk mun san ba ranar.

Ba mai Keke da za mu shiga a haka, don haka sai ƙafa, ga Barunde da nisa. Titus ya kwance zanin ya miƙo mini, ya ce ba zai ratsa gari da zanin mace ba, abin da ya gani ya isa. Wandonsa mai ruwan toka ne, ba ya rufa asiri. Na karɓi zanin na yafa a kafaɗa na bar shi ya sauka ta gefe biyu, na ɗauki ƙunshin ledar a hannu.

"Shiga gaba," na ce. "Kada ka yi sauri."

Ya shiga gaba, na bi shi dab da dab, kusan ina taka masa dunduniya. In ya ratse in ratse, in ya tsaya tsallaka titi in tsaya a bayansa in buɗe kafaɗa. Muka bi ta lungu, muka fito babban titi inda ba makawa, muka wuce masu shayi da masu faci. Wani tsoho da ke zaune a ƙofar gidansa ya bi mu da kallo, ya ce wa na kusa da shi, har ina ji, matan da ke bin bayan mazajensu haka da ladabi sun yi ƙaranci a zamanin nan. Titus bai juyo ba. Na ƙara matsawa kusa da shi, muka ci gaba da tafiya.